Alkawari kaya ne: wa'adi zai cika ranar 22 ga Disamba

Jawabi ga magoya bayan jam'iyya da abokan gwagwarmaya na CFDR kan zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta 2009



Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, ƴan kasuwa, manoma da makiyaya, ma'aikata, samari da ƴan mata, barkanku da zuwa. Mun san damina ce, da yawa daga cikinku kun ajiye hauya kun baro gona kuka zo nan. Allah ya saka da alheri, ya ba mu damina mai albarka.

Magana ɗaya ta tara mu yau, ita ce maganar alkawari. Sunan da aka ba ta a rediyo da tele daban ne, wasu su ce tazarce, wasu su ce sabunta jamhuriya. Ku bar sunayen nan gefe, ku dubi abin da ke ƙasa. Mutum ya ɗora hannu bisa Alƙur'ani mai girma, gaban ƴan Nijar duka, ya yi rantsuwa, sau biyu. Yau ga shi yana neman mu taya shi warware rantsuwar da hannunmu.

Bari in tuna muku yadda aka yi, don samarin da ke nan wasunsu suna lakol lokacin da abin ya faru. Ranar 18 ga Yuli 1999 ƴan Nijar suka fita suka amince da kundin tsarin mulkin jamhuriya ta biyar, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka yi zaɓe suka ce i. Cikin kundin nan akwai aya ta 36. Abin da ta tsara a fili yake: shugaban ƙasa zai yi shekara biyar, yana iya neman wasu biyar sau ɗaya tak, daga nan ya sauka. Waɗanda suka rubuta kundin sun san halin mutum da kujera, saboda haka suka ƙara aya ta 136, wadda ta kulle ƙofar, ta hana a taɓa aya ta 36 ko ta wace hanya. Bisa wannan kundin aka zaɓi Tanja Mamadu. Ya kama mulki ranar 22 ga Disamba 1999. Aka sake zaɓensa a Disamba 2004. Ku lissafa da kanku: biyar da biyar goma. Ranar 22 ga Disamba 2009 wa'adinsa ya ƙare.

Ba wanda ya tilasta masa rantsuwar nan. Ya san abin da ke cikinta tun kafin ya tsaya takara. A cikinta ya ɗauki alkawarin zai mutunta kundin tsarin mulki, kuma zai sa kowa ya mutunta shi. A ƙarshenta ma ya yarda da bakinsa cewa in ya saɓa, doka ta hau kansa. Kun gani a tele, kun ji a rediyo. Bayan rantsuwa kuma ya maimaita. A 2007 ya gaya wa jaridar Le Monde ta Faransa cewa in wa'adinsa ya cika zai tafi. A watan Maris na bana, da Sarkozi ya zo Yamai, ya sake faɗa gaban baƙo da ƴan jarida cewa ba zai taɓa kundin don ya zauna ba. Ba a yi wata biyu ba magana ta canza. Dattawa, ku kuka koya mana cewa magana zarar bunu ce. To wannan bunun da aka zara gaban duniya, da wane hannu za a mayar da shi?

Ni ba malami ba ne, malamai na zaune a nan, su za su faɗi hukunci. Amma ko ɗan makarantar allo ya san matsayin alkawari a addininmu, ya san cewa saɓa shi na cikin alamomin da aka ce mumini ya guje musu. Kuma mun ji yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙe sulhun Hudaibiyya. Sharuɗɗan sun yi wa sahabbai nauyi, har sai da aka mayar da Abu Jandal hannun mutanen Makka alhali ya gudo yana neman mafaka, saboda an riga an ƙulla magana. Ranar da alkawari ya yi ɗaci ake gane mai riƙe shi. Kowa na iya cika alkawarin da bai rage shi da komai ba.

Yanzu ku dubi abin da aka rusa cikin wata ɗaya da ƴan kwanaki don kawai a kauce wa aya guda. Ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki ta ba da shawararta, ta ce shugaban ƙasa ba ya iya canza kundin ta wannan hanya ba tare da ya karya rantsuwarsa ba. Washegari, 26 ga Mayu, ya rusa majalisar dokoki, ya sallami dipite 113 da ku kuka zaɓa. Ya sa hannu kan dokar kiran zaɓen raba gardama. Ranar 12 ga Yuni kotu ta soke dokar. Wannan karon hukunci ne, kuma aya ta 115 ta ce hukuncin kotun nan ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ya hau kan kowa, farar hula da soja, tun daga shugaban ƙasa har mai gadin ƙofa. Ranar 26 ga Yuni ya ce ƙasa na cikin haɗari, ya jawo aya ta 53 ya ba kansa iko na musamman. Wane haɗari? Wace ƙasa ta kawo mana yaƙi a watan Yuni? Haɗarin da ya gani alƙalai bakwai ne da suka ƙi faɗin abin da yake so. Ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun, ya kori Hajiya Salifu Fatimata Bazai da abokan aikinta, waɗanda doka ta ce ba mai iya tsige su kafin wa'adinsu, ya naɗa wasu. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ita ma rantsuwa ta yi, ta riƙe tata, ta rasa kujera a kanta.

Akwai kuma alkawarin da aka yi da sunan Nijar a waje. A Disamba 2001, a Dakar, ƙasashen CEDEAO suka sa hannu kan yarjejeniyar dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda ta hana a yi wa dokokin zaɓe babban canji cikin wata shida kafin zaɓe in ba da yardar mafi yawan ƴan siyasa ba. Nijar na ciki. Shi kansa Tanja ya shugabanci CEDEAO shekara biyu, daga 2005 zuwa 2007, yana yi wa wasu ƙasashe wa'azi da wannan takarda. Yau Tarayyar Turai ta fara riƙe tallafin da take zubawa cikin kasafin kuɗinmu. In tallafin ya tsaya, ba a fadar shugaban ƙasa za a ji shi ba. Malamin lakol ɗan kwantiragi zai ji, mai ciki da ta je likita ta tarar ba magani za ta ji.

To me ƴan tazarce ke cewa? Hujjarsu babba ita ce ayyuka. Sun ce a bar Baba Tanja ya ƙarasa abin da ya fara: madatsar ruwa ta Kandaji, matatar man fetur ta Damagaram, ma'adinin uraniyom na Imuraran, gada ta biyu a Yamai. Mu ba mu musun ayyukan nan, muna son su fiye da kowa. Ba mu kuma musun cewa an gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani cikin karkara, an biya albashi kan lokaci. Wanda ya yi abin kirki a faɗa. Amma ina tambaya: kuɗin wa aka yi aikin da su? Da sunan wa aka sa hannu da kamfanin CNPC na Sin a 2008, da Areva a Janairun bana? Da sunan Jamhuriyar Nijar aka sa. Takardun nan ba su ce in Tanja ya sauka a kwashe ƙarafa a koma gida ba.

Ƙasa ba ta taɓa jiran mutum ɗaya ba. Zamanin Jori Hamani aka fara haƙar uraniyom a Arlit, aka hamɓarar da shi a 1974, haƙa ba ta tsaya ba. Zamanin Kunce aka buɗe Akuta, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, motoci na bin hanyar har gobe. Gadar Kennedy tun 1970 take ɗauke da mutanen Yamai, shugabanni nawa suka wuce ta kanta? Kandaji kuwa tun shekarun 1970 ake maganarta, kowane shugaba ya tarar da takardunta bisa tebur ya bar wa na bayansa. Wanda ya aza tubali a Agustan 2008 ya yi nasa, wani ya ɗora, haka ake gina ƙasa. In kuwa dokar ita ce shugaba ba ya sauka sai ya gama aiki, to wane shugaba ne zai taɓa gamawa? Ana gab da buɗe matata sai a aza harsashin layin dogo, a ce a ƙara uku.

Kuma kada a ruɗe ku da cewa shekara uku ce kawai. Ku nemi mai karatu ya karanta muku sabon kundin da suke tallatawa. Shekara ukun nan, har Disamba 2012, kyauta ce, babu zaɓe, babu abokin takara. Bayan su an cire iyakar wa'adi gaba ɗaya, yana iya tsayawa sau nawa ya ga dama. Ikon da ke hannun faraminista ya koma hannunsa. An ƙirƙiro majalisar dattawa wadda shi zai naɗa wani kaso na membobinta. Ku da kuka san kokawa, ku gaya mini. Kowace shekara jihohi takwas na haɗuwa, a kara, wanda ya kada kowa ya ɗauki takobi. Baɗi sai ya dawo fili kamar kowa. Kun taɓa jin sarkin kokawa ya ce shi gwani ne, jama'a na son shi, don haka zai riƙe takobi shekara uku ba tare da ya shiga fili ba, kuma alƙalin da ya ce a'a a kore shi a kawo wani? Ko ƴan jiharsa ba za su yarda ba, kunya za ta hana su.

Hujjarsu ta biyu, wai jama'a ce ta roƙa. Mun ga yadda roƙon ya faro, tun bikin aza harsashin matata a Damagaram a Oktoban bara, da gangamin Yamai na Disamba. Mun san yadda ake cika fili in gwamna da farfe suka sa baki. Amma a ce ma da gaske wasu sun roƙa. Iyayenmu mata, ku ke yin adashi. In mace ta kwashi nata zubin, sai ƙawayenta biyu suka ce ta sake kwasa ta uku don tana da hidima, sauran da suka yi wata da watanni suna zubi suna jiran layinsu fa? Uwar adashi ta gari za ta ce abin da aka shirya tun farko shi za a bi. Dattijo kuwa in yara suka zuga shi ya karya rantsuwa, shi ne mai cewa ku yi haƙuri, na riga na ɗora hannu bisa Littafi. Da ya faɗi haka, wallahi da mu ƴan adawa za mu fara raka shi Maine Sorowa da kiɗa.

In jama'a ce ta roƙa, ina jama'ar da ta kawo shi mulki? Mahaman Usman da jam'iyyar CDS-Rahama su suka mara masa baya a zagaye na biyu, a 1999 da 2004. Yau sun janye ministocinsu daga gwamnati, suna tare da mu. Marigayi Mumuni Adamu Jarmakwai na ANDP-Zaman Lahiya abokin tafiyarsa ne shekara da shekaru. Ranar 14 ga Yuni ya fito gangamin ƙin tazarce a Yamai da tsufansa, ciwo ya kama shi a wurin, Allah ya karɓi ransa a ranar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago bakwai sun ce a'a. Ƙungiyoyin farar hula sun ce a'a, ana kama shugabanninsu, ana rufe gidan rediyo da tele don ya ba su dama sun yi magana. Su duka waɗannan ba jama'a ba ne?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Tanja ya fi mu sanin ƙarshen wannan hanya. Soja ne, yana cikin waɗanda suka kifar da Jori. Ya yi farfe a Maraɗi, ya yi a Tawa, ya yi ministan cikin gida. A Janairu 1996 Janar Ba'are ya karɓi mulki ya ce gyara ya zo yi ya mayar wa farar hula. Sai ya tsaya takara. A Yulin shekarar, ana cikin zaɓe, ya rusa hukumar CENI ya naɗa tasa, ya tsare abokan takararsa cikin gidajensu. Wa ke cikin waɗanda aka tsare? Tanja Mamadu. A Janairu 1997 aka kama shi tare da Mahaman Usman da Mahamadu Isufu saboda sun fito neman a mutunta doka. Tare muka sha hayaƙi mai sa hawaye a lokacin. Shekara uku ƙasa ta yi cikin rikici, ma'aikata na bin bashin albashi wata da watanni, lakol a rufe, har abin ya ƙare da jini ranar 9 ga Afrilu 1999. Ba ma fatan ganin irin ranar nan kuma, ga kowa. Amma wanzami ba ya son jarfa: abin da ya kira zalunci da aka yi masa da CENI, shi ne yau ya yi wa kotu.

Ƙasar nan kuma ta ga masu cika magana, kada a ce ba a taɓa yi ba. Janar Ali Shaibu na da soja a hannu lokacin babban taron ƙasa na 1991, ya bar taron ya yi aikinsa, ya miƙa wa Mahaman Usman mulki a Afrilu 1993, ya koma Walam yana zaune da mutuncinsa. Dauda Malam Wanke, duk abin da za a faɗa kan yadda ya zo, ya ce wata tara zai yi, wata tara ya yi. Da ya ce shi ma yana da ayyukan da bai gama ba, da Tanja bai ga kujerar nan ba. Maƙwabta ma haka. Konare ya sauka a Mali a 2002, Kereku a Benin a 2006, Kufo a Gana a Janairun bana. Ita kanta kalmar tazarce daga Najeriya aka aro ta, tun zamanin Abaca. Can ɗin ma da Obasanjo ya nemi wa'adi na uku, majalisar dattawa ta yi watsi da shi a Mayu 2006, ya haƙura ya tafi a 2007. An aro kalmar, an bar darasin a can.

Mu fa, me muka yi da namu alkawarin? Wannan tambaya hakkinku ce. A Nuwamba 1999 ɗan takararmu Mahamadu Isufu ya zo zagaye na biyu, ya sami kashi 40, ya amince da sakamako ya taya Tanja murna. A 2004 ya sake zuwa zagaye na biyu, bai ci ba, muka koma majalisa muka zauna kujerar adawa. Shekara goma muna jira. Ba mu kira soja ba, ba mu ɗauki makami ba. Magoya bayanmu da yawa an hana su muƙami, an hana su kwangila, sun daure, don mun gaya musu akwai doka, akwai ranar da za a sake buɗe fili ga kowa. Tsarin nan kasuwa ce tsakanin mai ci da wanda aka kada: kai ka yi mulki ba mai tare maka hanya, ni in jira, in lokaci ya yi ka sauka. Mun biya namu kason har ƙarshe. Yanzu da lokacin nasa biyan ya zo ne aka ce an canza ciniki. In wannan ya wuce, da wane baki za mu sake gaya wa matashi ya yi haƙuri ya jira zaɓe?

Kuma ku ji da kyau, aya ta 36 ba don Tanja kaɗai aka rubuta ta ba. In Allah ya ba wani daga cikinmu mulki gobe, ta hau kansa daidai yadda ta hau kan na yau. Ku adana takardar nan cikin akwati. Ranar da kuka ji wani namu ya fara cewa yana da ayyukan da bai gama ba, ku fiddo ta ku karanta masa.

Saura abin da za mu yi ranar Talata 4 ga Agusta. Wasu na tambaya, me zai hana mu je mu jefa a'a? Dalili shi ne kotu ta riga ta ce zaɓen nan haramtacce ne. Wanda ya shiga rumfar zaɓe, ko i ya jefa ko a'a, ya yarda cewa akwai abin zaɓa, kuma kansa za a ƙirga a nuna wa duniya a ce ga jama'a ta fito. Su ke riƙe da akwati, su ke riƙe da alƙalan da za su tabbatar da sakamako. Abin da ba su iya ƙirƙirowa shi ne layin mutane a ƙofar lakol. Don haka jam'iyyu da ƙungiyoyin da ke cikin CFDR suka tsaya kan ƙaurace wa zaɓen.

Ranar Litinin 3 ga wata ku yi bikin ƴancin kai, shekara 49, ku dasa itace kamar kullum. Ranar Talata mai gona ya tafi gonarsa, ciyawa ba ta jira. Mai dabbobi ya kai su kiwo, sauran ku zauna gida. Kada ku ba kowa kartar zaɓenku, ko ya zo da buhun shinkafa, ko ya zo da jika biyar. Samari, da ku nake musamman, ƴan kabu-kabu da ƴan fada: kada wanda ya ƙona taya, kada wanda ya taɓa akwati ko ya jefi jandarma. Suna neman hujjar da za su ce ga haɗarin da muka faɗa, kada ku ba su. Mai gari ko hakimi da ya zo yana kiran ku fita, ku gaishe shi da ladabi, kun san matsin da ke kansa daga sama. Maƙwabcinka ɗan MNSD ɗan'uwanka ne, tare za ku yi azumi nan da ƴan makonni, kuma da yawansu zuciyarsu na tare da mu ko da bakinsu bai faɗa ba. Ka zauna da shi ka lissafa masa biyar da biyar.

Wakilanmu na unguwanni da ƙauyuka, ku zagaya da ido kawai, ku rubuta abin da kuka gani a kowace rumfa da safe, da azahar, da la'asar, ku kai wa ofishin jam'iyya na jiha kafin dare. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa mutum goma takardar nan kafin ranar, a majalisa, a bakin rijiya, a tasha, bayan sallar isha'i.

Allah ya kiyaye Nijar, ya zaunar da ita lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.